Tiyar Awon Zuciyar Ma'aikaci: Daga Durum Zuwa Yamai

Jawabin da aka gabatar a gaban malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago na yankin Durum, gundumar Mirya, cikin jihar Damagaram.



Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi a ƙasar Damagaram ya san ciniki ba ya faɗawa sai mai saye da mai sayarwa sun amince da tiyar da za a yi awo da ita. In tiya ta lotse, ko hannun mai awo ya cika wayo, to rigima ta tashi ke nan, ko da hatsin ya fi kowane kyau. Tsakanin gwamnati da ma'aikacinta ma akwai ciniki: shi yana kawo ƙarfinsa da iliminsa da shekarun ƙuruciyarsa, ita kuma tana biyansa da albashi da mutunci da tabbacin gobe. Abin mamaki shi ne, shekara da shekaru ɓangare ɗaya kaɗai ake ɗorawa bisa ma'auni. Ana auna zuwan ma'aikaci da makararsa, ana auna iliminsa, ana ƙidaya yaran da suka ci jarrabawa a hannunsa. Amma abin da ke sa shi ya tashi da asuba da farin ciki, ko ya tashi yana jan ƙafa, wannan ba a tanadar masa tiya ba. Batun wannan zama shi ne: shin ana iya auna jin daɗin ma'aikaci a bakin aikinsa? Idan ana iyawa, da wace tiya za a auna shi a wuri kamar Durum, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Droum?

Kada a ɗauki maganar a matsayin abin shaƙatawar masu dogon karatu. Malamin da zuciyarsa ta bar aji tun kafin ƙafarsa ta bar shi, yara sittin ko saba'in ne ke biyan kuɗin. Unguwarzomar da ta ƙosa da wurin da aka tura ta, mace mai naƙuda ce za ta tarar da ƙofa a rufe da tsakar dare.

Ma'aunin da ke kallon gefe guda

A shekarar 2015 Bankin Duniya ya gudanar da bincike a makarantun firamare na Nijar ta hanyar ziyarar ba-zata. Sakamakon ya nuna kusan malami ɗaya cikin shida ba ya makaranta a ranar da aka je, idan kuma aka haɗa da waɗanda ke cikin makarantar amma ba su cikin aji, adadin ya haura ɗaya cikin huɗu. A watan Yulin 2017 kuma ma'aikatar ilimin firamare, a ƙarƙashin minista Dauda Mamadu Marte, ta yi wa dubban malaman kwantaragi jarrabawar gwaji, duk da turjiyar ƙungiyoyin malamai. Kimanin sulusinsu ne suka sami rabin maki ko fiye, kuma an sallami waɗansu daga aiki.

Waɗannan alƙaluma masu ɗaci ne, kuma ba wanda zai ce gwamnati ba ta da haƙƙin sanin ko wanda ta danƙa wa ƴaƴan talakawa ya iya karatu da lissafi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Jarrabawa ta faɗi abin da malami bai sani ba, ba ta faɗi wanda ya ɗauke shi aiki ba tare da horo ba. Ziyarar ba-zata ta faɗi cewa ba ya nan, ba ta faɗi ko yana bin layin biyan kuɗi a birni ne, ko yana neman bashin tiya biyu ta hatsi, ko kuwa lalaci ne kawai. Likitan da ya auna zafin jiki ya tsaya a nan bai gano cuta ba tukuna.

Yadda duniya ta koyi wannan awo

Awon jin daɗin ma'aikata ya kai shekara ɗari ana yinsa. Tsakanin 1924 da 1932, a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da birnin Cikago na Amurka, masu bincike sun yi ta ƙara hasken fitila suna rage shi don su ga tasirinsa a kan aiki, daga baya suka zauna suka saurari ma'aikata fiye da 20,000 ɗaya bayan ɗaya. Masana na baya sun yi jayayya a kan yadda aka fassara sakamakon, amma darasi guda ya tsaya: mutum yana sauya yadda yake aiki idan ya lura akwai wanda ya damu da halin da yake ciki.

A 1932 Rensis Likert ya fito da ma'auni mai matakai biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", wanda har yau shi ake gani a takardun tambayoyi. A 1935 Robert Hoppock ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan wani ƙaramin gari da kuma malaman makaranta 500. A 1969 waɗansu masana a Amurka suka raba jin daɗin aiki gida biyar: aikin kansa, albashi, ƙarin girma, shugaba, da abokan aiki, suka ce a auna kowanne daban, domin mutum na iya son aikinsa ya ƙi shugabansa.

Wanda ya fi kusa da bukatar ƙasa kamar Nijar shi ne Frederick Herzberg. A 1959 shi da abokan aikinsa suka wallafa hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Ba su tambaye su ko suna jin daɗi ba. Cewa suka yi kowa ya ba da labarin lokacin da ya fi farin ciki a wurin aiki, da lokacin da ransa ya fi ɓaci. Da aka tattara labaran sai aka ga abin da ke ɓata rai daban, abin da ke faranta shi daban. Ɓacin rai yakan fito daga tsarin hukuma, halin shugaba, albashi da yanayin wurin aiki. Farin ciki kuwa yakan zo daga cin nasara a aikin, yabo, danƙa amana da ci gaba. Ma'ana, gyara albashi yana kawar da ƙunci, amma shi kaɗai ba ya haifar da himma. Haka kuma yabo ba ya ƙosar da mai jin yunwa. Tiya biyu ke nan, kuma duk mai son gaskiya sai ya yi awo da kowacce.

Darasin shekarun 1990: ranar biya

Ma'aikatan Nijar ba su bukatar a je Amurka a koyo musu ma'anar ɓacin rai. Su ne, tare da ɗalibai, suka tsaya tsayin daka bayan kisan gadar Kennedy na ranar 9 ga Fabrairun 1990, har aka kai ga Taron Ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana cikin sahun gaba na waɗanda suka kawo mulkin jam'iyyu da yawa. Amma dimokuraɗiyya ta zo ta tarar da baitulmali wayam. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farankan Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, farashin kayan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. Daga mulkin Mahamman Usman zuwa na Ibrahim Ba'are Mainasara, har zuwa riƙon ƙwaryar Dauda Malam Wanke a 1999, bashin albashi ya yi ta taruwa wata bisa wata, yajin aiki ya zama ruwan dare, shekarun karatu suka yi ta lalacewa. A farkon shekarun 2000, zamanin Tanja Mamadu, har da filayen gini aka biya waɗansu ma'aikata bashinsu.

Abin da wannan zamani ya koyar shi ne, yawan albashi da ranar zuwansa abubuwa biyu ne. Mai jika hamsin da ya tabbata za ta zo ƙarshen wata yana iya tsara rayuwarsa, ya sayi hatsi da kaka lokacin yana araha, mai kanti kuma ya yarda da shi. Mai jika saba'in da bai san ranar zuwanta ba kullum cikin bashi yake, yana sayen tiya da tsadar bazara, yana sauya hanya don kada ya haɗu da mai binsa. A ƙauye, inda kowa ya san kowa, malamin da ake bi bashi ya rasa abin da ya fi kuɗi, wato kwarjini a idon iyayen yaran da yake koyarwa. Takardar tambayar da ta tsaya a kan "nawa kake samu?" ta bar rabin labarin a baya. Tambayar da ta dace da Durum ita ce: kwana nawa kuɗin suka yi jinkiri, kuma kwana nawa aka rufe aji don zuwa karɓo su?

Aiki ɗaya, tiya biyu

A 1998, shekarar da aka kafa dokar tsarin ilimi ta ƙasa, gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka mayar ƴan kwantaragi. An fara biyansu jika 35 a wata, ƙasa da abin da cikakken malami ke samu nesa ba kusa ba. A shekarun 2010 kuɗin ya kai jika 75 ga na firamare, kuma a lokacin ƴan kwantaragi sun zarce kashi biyu cikin uku na malaman firamaren ƙasar. Ba za a musa ba, wannan tsari ya buɗe azuzuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba. Amma ya haifar da wani hali: a makaranta guda, ƙarƙashin darekta guda, mutum biyu suna koyar da littafi guda, ɗaya yana da lambar ma'aikaci da ƙarin girma da fansho, ɗaya kuwa sai jiran tsammani.

Tun 1963 wani masani mai suna Stacy Adams ya nuna cewa ma'aikaci ba ya duba abin da ke hannunsa kawai. Yakan dubi na maƙwabcinsa, ya kwatanta wahala da sakamako, in ya ga an tauye shi sai ya rage ƙoƙari har lissafin ya daidaita a ransa. Wani bincike da Jean Bourdon, Markus Frölich da Katharina Michaelowa suka wallafa a 2010 ya kwatanta tsarin kwantaragi a Mali, Togo da Nijar. Sakamakon ya yi kyau a Mali, ya zo gauraye a Togo, a Nijar kuwa ya nuna koma-baya ga karatun yara.

Misali mafi kusa yana arewa da birnin Damagaram. Matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, tana biyan ƴan ƙasa albashin da malamin ƙauye ko a mafarki bai gani ba. Duk da haka ƙorafin tazarar da ke tsakanin albashinsu da na takwarorinsu ƴan Sin bai taɓa kwanciya ba, har a watan Maris na 2025 mahukunta suka sallami manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai daga ƙasar, suna ambaton wannan tazara cikin dalilansu. Ashe mai cin tuwo da miyar nama ma yana iya tashi da fushi idan ya ga an yi rabo da son kai.

A aikin gwamnati, wurin da son kai ya fi ciwo shi ne sauyin wurin aiki. Tun bayan zaɓen 1993 kalmar wasoso ta shiga bakin ƴan siyasar Nijar, ma'ana rabon muƙamai tsakanin jam'iyyun da suka ci. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda aka kafa a 2001, sun daɗe suna bayyana yadda alfarma da katin jam'iyya ke shiga cikin naɗi da sauyin ma'aikata. Sakamakon a bayyane yake: mai uwa a gindin murhu yana birni, marar gata yana daji shekara da shekaru, takardarsa tana hawa daga ofishin sufeto zuwa Damagaram, daga can zuwa Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ba amsa. Irin wannan ma'aikaci ya daina ɗaukar Durum wurin hidima, ya mayar da ita wurin horo. Mutanen Durum kuma ba su yi laifin da za a mayar da garinsu kurkukun marasa gata ba.

Kayan aiki da idon mai kula

Akwai kuma baƙin cikin wanda ya san aikinsa amma aka ɗaure masa hannu. A 2005 da 2006 gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Niyya ce mai kyau, kuma iyaye mata sun amsa kira. Amma kuɗin da ya kamata gwamnati ta mayar wa gidajen likita suka riƙa makara, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe. Majon da ke ƙauye shi ne ya zama mai fuskantar uwa da ɗanta a goye, rediyo ya gaya mata kyauta ne, shi kuma yana miƙa mata takardar sayen magani. Zagin da ya kamata ya tafi Yamai a kansa yake sauka.

Haka malamin ajin zana. A 2021 mahukunta da kansu sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a ƙasar, kuma a shekarar ce gobara ta hallaka yara a irinsu, a Yamai cikin Afirilu, a Maraɗi cikin Nuwamba. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an sami kara, ruwan farko kuma shi ke tashinsa. Malamin da aka ba tsarin karatun wata tara, aka ba shi ɗakin da bai kai hakan ba, sannan aka auna shi da sakamakon jarrabawa, an yi masa awo da lotsattsiyar tiya.

Amma akwai labari mai ƙarfafa gwiwa, kuma daga wannan yanki ya fito. Jenny Aker da Christopher Ksoll sun yi gwaji a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyuka fiye da ɗari a jihohin Maraɗi da Damagaram, suka wallafa sakamakon a 2019. A waɗansu ƙauyukan, kowane mako akan buga waya ga malami, da mai gari, da ɗalibai biyu, a tambayi yadda karatu ke tafiya. Ba a ƙara wa malami ko dala ba saboda wayar. Duk da haka ɗaliban waɗannan ƙauyuka suka fi na sauran iya karatu da lissafi. Ko tsoron sa ido ne ya yi aiki, ko jin cewa ba a manta da mutum ba, darasin Hawthorne ne ya sake bayyana a ƙasar Hausa: wanda ake tambayar labarinsa ba ya aiki kamar wanda aka jefar.

Me ya sa "alhamdu lillahi" ba amsa ba ce

To, tunda an san abubuwan da za a auna, me ya hana a buga takarda a raba? A nan ne wahalar take. Idan baƙo ya sauko daga mota mai lambar gwamnati ya tambayi ma'aikaci ko yana jin daɗin aikinsa, amsar da zai samu sananniya ce: alhamdu lillahi, aiki da godiya. Wannan ba ƙarya ba ce, tarbiyya ce. An rene shi a kan cewa mai yawan kuka bai gode wa Allah ba, kuma ba a tona cikin gida a gaban baƙo. Ga kuma tsoro, domin ɗan kwantaragi ya san takardar da ya cika tana iya biyawa ta teburin wanda ke da ikon tura shi ƙauyen da ya fi nisa. Mai binciken da ya koma Yamai da rahoton cewa kowa ya gode, ladabin mutane ya auna, ba halin da suke ciki ba.

Harshe ma yana da nasa tarko. Kalmar Faransanci guda da ake sawa a takardar tambaya tana rabuwa gida-gida a Hausa. Jin daɗi daban, gamsuwa daban, kwanciyar hankali daban, haƙuri kuma daban. Mutum yana iya zama mai haƙuri shekara goma ba tare da ya gamsu ko na kwana ɗaya ba. Tunda kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, babu sauran hujjar yi wa ma'aikacin Damagaram tambaya a kan zuciyarsa da harshen da ba da shi yake tunani ba. A tsara tambayoyin da Hausa tun daga tushe, a kuma tanade su da Barbarci da Fillanci ga masu bukata.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A fagen aiki kuwa, a tambayi ƙafa. Zamanin aikin tilas, kafin dokar 11 ga Afirilun 1946 ta soke shi, ba wanda ya raba wa talakawan kudancin Nijar takardar tambaya, amma kwamandan da ya wayi gari ya ga ƙauye ya tsallaka Nijeriya ya sami amsarsa. A 2002 Michaelowa ta bi irin wannan hanya wajen nazarin malamai a ƙasashe biyar masu amfani da Faransanci: Burkina Faso, Kamaru, Kodebuwa, Madagaska da Senegal. Ta duba ko malami zai sake zaɓen wannan sana'a in an mayar da shi baya, ko yana neman a sauya masa makaranta, da yawan kwanakin da ba ya zuwa. Irin waɗannan alamu sun fi wuyar ɓoyewa.

Tiyar da ta dace da Durum

Ma'aunin da zai yi amfani a nan yana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce ƙidayar abin da ke rubuce tun tuni a ofisoshi, ba sai an tambayi kowa ba: kwanakin jinkirin biya a kowane wata, kwanakin da aji ko gidan likita ya rufe saboda tafiyar karɓar kuɗi, yawan takardun neman sauyi daga kowace makaranta da tsawon lokacin da suka yi ba amsa, shekarun da ɗan kwantaragi ya yi yana jiran lamba, yawan waɗanda suka watsar da aiki suka tafi cin rani ko kasuwanci, sau nawa mai ba da shawara kan koyarwa ya taka ƙauyen cikin shekara, watanni nawa kantin magani ya yi babu maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje, rijista da alƙalami da gaskiya kawai yake so.

Ƙafa ta biyu ita ce sauraro, bisa hanyar Herzberg, wadda ta dace da mutanen da suka fi sakin jiki da labari fiye da cike gurbi a takarda. A ce wa ma'aikaci ya ba da labarin ranar da ya koma gida yana alfahari da aikinsa, da ranar da ya yi niyyar barinsa. A tambaye shi ko zai so ɗansa ya gaje shi. A tambaye shi, in an ba shi zaɓi tsakanin ƙarin jika goma, da ɗakin kwana kusa da makaranta, da tabbacin komawa kusa da iyalinsa bayan shekara uku, wanne zai ɗauka. Zaɓi yana tona abin da godiya ke rufewa. A saurari mata daban, domin malamar da mijinta ke birni, take biyan kuɗin kabu-kabu kullum ko take kwana a ɗakin aro da jariri, nauyinta ba irin na namiji ba ne.

Sharuɗɗa uku ne za su sa a yarda da tiyar. Na ɗaya, mai awo kada ya zama shugaban wanda ake aunawa. Akwai Jami'ar Andre Salifu a Damagaram, akwai Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da kwamitocin iyayen yara su zauna a teburin tsara tambayoyin. Na biyu, kada a rubuta suna, kuma kada a fitar da sakamakon makarantar da malamanta biyu ne ko uku, domin a nan ko ba suna an san mai magana. Na uku, a maimaita awon kowace shekara a lokaci guda, a karanta sakamakon a rediyo, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, yadda kowa zai ga inda aka ci gaba da inda aka koma baya.

Masu cewa ba kuɗi, da masu cewa yaudara ce

Mahukunta za su ce baitulmali ba shi da ƙarfi, ga matsalar tsaro tana cin kasafi, tambayar ma'aikaci abin da ke damunsa tsokano tsuliyar dodo ne. Amsa ita ce, da yawa daga cikin abin da awon zai tono ba kuɗi yake ci ba. Liƙa jerin sunayen masu jiran sauyi a bango, bisa shekarun da kowa ya yi a karkara, ba ya cin ko tamma. Amsa takarda cikin wata guda, ko da da "a'a" ne, ba ya bukatar bashin Bankin Duniya. Buga waya ga malamin ƙauye sau ɗaya a mako ya fi arha bisa jarrabawar ƙasa baki ɗaya. Gwamnatin da ba ta da kuɗi da yawa ita ta fi bukatar sanin inda jika ɗaya za ta fi amfani.

Ƴan ƙwadago kuma za su ce wannan dabara ce ta kauce wa maganar albashi, a ba mutum yabo a hana shi tuwo. Tsoronsu yana da tushe. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, amma duk mai zuwa kasuwa ya san iyakar abin da wannan ke saye. Sai dai ƙungiyar da ta shiga zauren tattaunawa da alƙaluman kwanakin jinkiri da na azuzuwan da suka rufe ta fi wadda ta shiga da fushi kaɗai ƙarfin hujja. Ita ma tiyar za ta auna ƙungiyoyin, ta nuna ko kukan malamar ƙauye yana isa kunnen shugabanninta na birni. Za ta kuma raba mai uzuri da malalaci, abin da zai kare sunan masu aiki tsakani da Allah, waɗanda su ne suka fi yawa.

Haɗari guda ne ya rage, kuma shi ne mafi girma: a yi awo a ajiye rahoto a aljihun tebur. Wanda aka tambaya ya buɗe cikinsa, shekara ta zagayo bai ga sauyi ba, ba zai sake faɗin gaskiya ba, kuma ransa zai fi na da ɓaci. Saboda haka duk hukumar da ba ta shirya gyara ko abu guda daga cikin abin da za ta ji ba, gara ta bar mutane da haƙurinsu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikatan Durum, da na Dogo da Tirmini da sauran karkarar Damagaram, sun san abin da ke riƙe su a bakin aiki da abin da ke korarsu. An auna iliminsu, an ƙidaya fashinsu, an buga sakamakon kowa ya ji. Adalcin ciniki ya wajabta a juya tiyar, a auna abin da aka ba su da irin tsananin da aka auna abin da suka bayar, a kuma faɗi sakamakon a bainar jama'a.

Allah ya ba shugabanni kunnen sauraro, ya ba ma'aikata ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasa lafiya.